Zobe Biyu da Goron Sunana

Tun da na dawo daga Ankara ban sha fura cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a dakalin Ƙofar Dundaye sai wani ya matso ya ce, "Malan Haliru, wai gaskiya ta hatimi kat tahi koyowa wurin mutanen Gana?" Wani kuma ya ce ɗansa ya gaya masa na cika allon aji da zobba da gidaje kamar mai bugun ƙasa. Na gaji da maimaita wa mutane ɗai-ɗai, kuma na lura duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai shi unguwar Gidan Igwai. To ga shi nan a rubuce, mai son ƙarin gishiri ya barbaɗa a kan nawa.

Ni malamin elamantare ne, aji uku nake koyarwa. A shekarar da Gana ta karɓi mulkin kanta, Baturen makarantu na lardi ya kira ni ofis, ya ce an ba En'e gurbin malami ɗaya a wani kwas da za a yi a Ankara, babban birnin Gana, kan yadda ake koyar da yara da zane. Ya ce ni ya zaɓa, domin ya taɓa tsayawa a bayan tagar ajina, ya ji ina magana tun daga shiga har aka kaɗa ƙararrawa, babu yaron da ya sami damar cewa uffan. Na ɗauka yabo ne, har na yi masa godiya.

Kafin in hau mota sai in gaya muku labarin Baffa Sanda, ƙanen mahaifina, don in ba shi ba tafiyar nan ba ta da abin ba da labari. Ana gobe sunana, Baba ya aike shi kasuwa ya sawo goron suna. Baffa yana saurayi a lokacin. Ya dawo da goro, aka kwance a gaban baƙi, sai ga rabinsa tsutsa ta riga mu ci. Baba ya fusata, ya ce masa a gaban jama'a, "In ba ka iya zaɓen goro ba, tahi inda aka shuka shi ka koyo." Baffa ya sa takalminsa ya fita. Kowa ya ɗauka kasuwa ya koma. Aka yi suna da goron maƙwabta. Na yi rarrafe, na yi kaciya, na yi aure, na aje gemu, Baffa bai dawo daga kasuwa ba. Fatake kan ce sun gan shi a Kumashi, daga baya suka ce Ankara. Baba bai ƙara kama sunansa ba, a gidanmu "mai zuwa kassuwa" ake ce masa.

Baba malamin zaure ne, ya tsufa, yanar ido ta kama shi, har ya kai ba ya gane fuskar mutum sai an matso dab da shi. Da na je yi masa sallama ya yi mini addu'a, ya daɗe yana jan tasbaha, sannan ya juya wajen bango kamar da shi yake magana, ya ce, "In ka ishe wani can mai kama da mu, ka ce mai idon Malam na ruhewa. Ba ni cewa shi taho. Ka dai hwaɗa mai." Na fito da aike biyu a kaina. Bature ya aike ni neman takarda, Baba kuwa ya aike ni neman ƙanensa, kuma na san in aka sake damina ɗaya, ko Baffa ya zo Baba ba zai gan shi ba.

Daga Sakkwato zuwa Gusau a bayan babbar mota na tafi, a bisa ƙiraga da fatun awaki da ake kaiwa jirgi. Na saka farar rigata ta salla don a san malami ne zai bar ƙasa. Kafin Talata Mafara rigar ta ɗauki warin fata, har a tashar jirgi karnuka biyu suka yi mini rakiya cikin ladabi. A jirgin ƙasa na sami wuri kusa da wata Bayarabiya 'yar kasuwa, mai kaya kamar za ta tare. Ta dube ni ta ce na rame, ta buɗe kwano ta ba ni teba da miya. Na kai loma ɗaya, barkono ya hau mini kai, hawaye suka zubo. Ta ɗauka kewar gida ce, ta yi ta ba ni haƙuri, tana ƙara mini miya.

A Ikko na kwana a gidan wani Bakano mai saukar baƙi, wanda da jin gaisuwata ya kira 'yan ɗaki su zo su ji Basakkwace. Sai da suka sa na ce "tafi" da "fata" da "me ka ce" aka bar ni na ci abinci. Na rama washegari, da na ce masa gidansa ya yi kyau, saura a koya wa kuɗin cizonsa kunyar baƙo.

Daga nan muka kama hanyar bakin teku a wata motar katako. Muna ƙetare iyaka zuwa ƙasar Faransa, wato Dahome, sai direba ya karkata ya koma hannun dama. Na ɗauka barci ya kwashe shi, na kurma salati, na damƙi wuyan rigar yaron mota. Fasinjoji suka yi ta dariya, ashe can haka ake tuƙi. A wurin bincike wani jandarma mai gajeren wando ya buɗe akwatina ya ga kilishin da matata ta ɗaure mini. Ya shinshina, ya gutsura, ya yi ta nazari kamar alƙali. Ya kira abokin aikinsa ya taya shi bincike. Suka yi ta bincike har kilishin ya koma rabi, sannan suka tabbatar ba abin laifi ba ne. Ya ga kwalin alli, ya gutsuri wannan ma, ya tofar, ya buga mini hatimi a fasfo da fushi. Abin da ya fi ba ni mamaki a ƙasar shi ne burodi. Dogo ne kamar sandar makiyayi, kuma za ka ga babban mutum da kwat ya matse shi tsirara a hammata yana tafiya. Mu da ko tuwo za a kai maƙwabta sai an rufe shi da faifai.

Muka wuce Togo, aka sake buɗe akwati, amma kilishi ya riga ya koma cikin hulata. Muka ƙetare wani babban kogi, mota da mutane duk a cikin jirgin ruwa ɗaya. Ankara muka tarar da ita cike da tutoci, kowa yana tafiya yana ɗaga kafaɗa, ko lemo za ka saya sai mai tallar ta gaya maka yanzu su ke mulkin kansu. Na ce Allah ya nuna mana namu. Kasuwarsu kuwa ta mata ce. Mace za ta zauna a kan kujera kamar hakimi, maza suna ɗaukar mata kaya, in ka taya da raini ta bi ka da kallo har ka fita layin.

Na nemi Zango, unguwar Hausawa, na ce a kai ni wurin wani Basakkwace mai saukar baƙi. Aka kai ni wani gida mai faɗin tsakar gida, cike da huhunan goro. Wani dattijo yana zaune a tsakiya yana zaɓe, yana jefa na kirki dama, na banza hagu, ko dubawa ba ya yi. Ban tambayi sunansa ba. Kunnuwansa na gani, irin na gidanmu, waɗanda babu hular da ta taɓa iya ɓoye su.

Na yi sallama. Ya ɗago ya ce, "Basakkwace! Wace unguwa?"

Na ce, "Ƙohwar Dundaye."

"Wane gida?"

Na faɗa. Ya aje goron da ke hannunsa, ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce, "Kai na jinjirin?"

Na ce, "Ni na, Baffa."

Ya ce, "To mi anka sa maka?"

Na gaya masa Haliru. Ya maimaita a hankali, ya ce suna ya yi. Nan take na isar da saƙon Baba kalma da kalma. Ya ce, "Allah shi ba shi lahiya," ya juya ya ƙwala wa matarsa kira a kawo wa baƙo abinci. Aka kawo dokunu, wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye, da soyayyen kifi da barkono. Na ce a raina wannan tuwon a gida da an ce ya kwana uku an ba awaki. Kafin in bar ƙasar sai da na kai ina cin biyu.

Kwas ɗin a wata kwaleji ake yi, a bayan gari. Malamai ne daga wurare daban-daban, har da na Saliyo da Gambiya. Abin da ban shirya masa ba shi ne mai koyar da mu mace ce, 'yar ƙasar, gajera, mai tabarau, muna ce mata Madam. A ranar farko ta zana bishiya a allo, ta ce in darasi yana da uwa da 'ya'ya, kamar dabbobi da ire-irensu, a sa uwar a gindi, 'ya'yan a rassa. Ta zana tsani, ta ce in abu yana da farko da na biye, kamar yadda ake rina zane, kowane aiki ya hau matakinsa. Ta zana gidaje a jere kamar na dara, don jera amfanin abu a gefe guda da illarsa a ɗaya gefen. Sannan ta zana zobe biyu, ɗaya ya shiga cikin ɗaya kaɗan. Ta ce in za a gwada abu biyu, abin da wannan kaɗai ke da shi a sa a zobensa, na wancan a nasa, wanda suka yi tarayya a sa a tsakiya. Duk wannan bai dame ni ba, ko yaro ya iya zana zobe. Dokar da ta biyo baya ce ta tsaya mini a wuya. Ta ce malami ya zana zanen fanko, ya yi tambaya ɗaya, sannan ya kama bakinsa. Yara ne za su cika. Na ɗaga hannu na ce, in malami ya yi shiru, albashin me zai karɓa? Ta ce na shirun.

Aikin farko da ta ba mu shi ne kowa ya zana bishiyar danginsa. Na Saliyo da na Gambiya suka kawo bishiyoyi tsaf. Tawa kuwa, da yake mu gidanmu ɗan wa ke auren 'yar ƙane tun kaka da kakanni, duk reshen da ya fita sai ya lanƙwaso ya koma cikin ɗan'uwansa. Madam ta juya takardar sama da ƙasa, ta ce wannan ba bishiya ba ce, tarun kamun kifi ne. Ta kuma ga gurbi biyu babu suna, ta tambaya. Na ce na matata ne da na ɗan farina. Ta ce ban san sunansu ba ne? Na ce na sani sarai, amma ba a gaban mutane ba. Ta cire tabarau ta goge, ta ce ta koyar da mutane da yawa, amma yau ta ga wanda yake jin kunyar takarda.

Sai ranar gwaji ta zo, aka kai mu wata makarantar yara, kowa ya koyar a gaban Madam. Na zana zobe biyu da kyau, na rubuta raƙumi a ɗaya, jaki a ɗaya, na yi tambaya. Yara suka zuba mini ido. Can wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, shi raƙumin, a teku yake ko a kogi? Ashe babu wanda ya taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu. Na goge da sauri na ce su faɗi dabbobin da suka sani, suka ce kifi da ƙaguwa. To ni ƙaguwa ban taɓa ganinta ba sai a kwandon 'yan talla, kuma ko a nan ban tsaya mun gaisa ba. Na rubuta sunayen, na koma gefe na tsaya. Aji ya kaure. Wannan ya ce ƙaguwa tana da ƙafa, wancan ya ce kifi yana da ƙaya, aka yi gardama kan ko ƙaguwa tana iya zama a tudu, wata ta fito ta karɓi allin daga hannuna ba ko neman izini ta gyara tsakiyar. Kafin ƙararrawa zobban sun cika har sun tumbatsa. Madam ta ce a gaban kowa ba ta taɓa ganin malamin da ya iya kame bakinsa kamar ni ba. Na karɓi yabon, ban gaya mata rashin sanin ƙaguwa ne ya rufe mini baki ba. Amma a hanyar komawa na yi ta tunanin yaran ajina na Sakkwato, da irin abin da ke cikin kansu wanda ban taɓa bari ya fito ba.

A gida kuwa, wato gidan Baffa, bakina bai huta ba. Kullum bayan cin abinci sai in buɗe masa wa'azin zumunci. Na kawo aya, na kawo hadisi, na kawo labarin tsufan Baba. Yana zaɓen goronsa yana cewa, "Gaskiya ta, ɗana." In na matsa sai ya ce, "Ai shi yac ce in koyo. Ban ida koyo ba tukuna." Wani lokaci in na yi nisa a wa'azi sai in ji minshari.

A zauren gidan nake yin aikin da Madam ke ba mu, da manyan takardu da fensir mai launi. 'Yan dako da masu sayen goro suna wucewa suna leƙe. Ku yi tunani: malami daga Sakkwato, da rawani, yana zana gidaje da zobba yana rubutu a ciki. Ba a yi mako ba labari ya zaga Zango cewa Maigida Sanda ya sauki wani shehi mai hatimin da ba a taɓa gani ba, har da ja da kore. Na roƙi Baffa ya ƙaryata. Ya ce shi bai ce ba, kuma ba zai hana ba.

Na farko da ya zo wani mai mota ne, ya durƙusa ya ce a duba masa, ya sayar da tsohuwar motarsa ko ya gyara. Na rantse masa ni malamin boko ne, ya ce haka manyan suke faɗa. Da na ga ba zai tashi ba sai na zana masa gida biyu, na ce ya faɗi amfanin gyara da illarsa, ina rubutawa. Ya yi ta zuba, har ya kai ga cewa injin ya sha gyara fiye da yadda ya sha mai. Ya tsaya, ya dubi takardar, ya ce, "Allahu akbar, hatimi ɗin ya ce in sayar." Washegari ya aiko da zakara. Na ce a mayar, Baffa ya ce mayar da sadaka rashin ladabi ne, kuma an riga an fige. Wata mai sayar da kifi kuma da na yi mata tsani na yadda za ta biya wa ɗanta makaranta mataki-mataki, sai ta tambaya sau nawa za ta wanke ta sha. Da ƙyar na ƙwace takardar.

Kwas ya zo ƙarshe, na karɓi takardar shaida, na sayi tsaraba, amma aiken Baba yana nan inda na same shi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na riga na fara shirya yadda zan shiga zaure in ce wa tsoho na gan shi, yana lafiya, ya ce a gaishe ka.

Ana jibi zan tashi, bayan la'asar, muna zaune a tsakar gida, Baffa ya ce cikin zolaya, "Kai, shehin Zango. Kowa ka yi ma tsubbun bokon ga, ni da ka ci ma dokunu ba ka yi man ba." Shi ɗan malamai ne, ya san hatimi ya san abin da ba hatimi ba, neman abin dariya kawai yake. Na buɗe baki zan fara wa'azi, sai na tuna ƙaguwa. Na ɗauki tsinke na zana zobe biyu a ƙasa. Na ce wannan Ankara, wannan Sakkwato, tsakiya abin da duk biyun ke da shi. Na miƙa masa tsinken, na ce ya cika. Na koma gefe na kame bakina.

Ya fara da Ankara, yana ɗiga alama yana lissafi: gida, mata, 'ya'ya, jikoki, ciniki, iskar teku, mutunci a wurin sarkin Zango. Zoben ya cika taf. Ya koma tsakiya: salla akwai can akwai nan, goro akwai, sauro akwai. Sai ya ce, "Ƙasar bizne mutum ma akwai ta ko'ina," ya ɗiga. Sannan ya zo kan Sakkwato. Ya ce zafi, ya ɗiga yana dariya. Ya ce fura ta kirki, ya ɗiga. Ya tsaya. Ya ce, "Ka gani? Zahi da hura. Wa ka barin gida don zahi da hura?"

Jama'a, amsoshi goma suka taso mini har maƙogwaro. Na cije leɓe har na ji gishirin jini.

Ya jira in yi magana, ban yi ba. Ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya koma kan zanen. Jikarsa ta zo wucewa, ya daka mata tsawa kada ta taka. Ya yi ta juya tsinken a hannu, dariyar ta bar fuskarsa. Can sai ya sa tsinken a tsakiyar zoben Sakkwato, ya danna har ya karye.

Na ce, "Wanga hwa, Baffa?"

Ya ce, "Nan garin kowa Baba shika ce man. Ni ka aiken kowa." Ya share hanci da hannun riga. "Mutum guda yar rage duniya wanda ka iya aikena kassuwa."

Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Idon nai, shina gane mutum?"

Na ce, "In an matso kusa."

Ya tashi ya shiga rumfar goro. Har aka kira magariba yana can yana zaɓe, wannan karon ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaga kowane goro yana dubawa a haske. Ya ɗaure ƙaramin huhu da hannunsa, bai bar kowa ya taɓa ba. Ya gaya wa iyalinsa zai je ya dawo. Matarsa, da ta san tarihin "zan je in dawo" na mutumin, ta sa ya rantse.

Komowa da Baffa wani kwas ne daban. A iyakar Faransa jandarma ya ɗora hannu a kan huhun, na ga irin binciken da aka yi wa kilishina yana tafe. Baffa ya zare ɗaya daga manyan takarduna, ya warware a kan huhun, mai zobba ja da kore, ya nuna ni da haɓa, ya ce da mutumin a hankali wannan kayan shehi ne, shi dai ba ruwansa. Jandarma ya janye hannu kamar ya taɓa wuta. Ya duba hagu da dama, ya matso ya raɗa mini cewa yana neman ƙarin girma. Na yi masa addu'a da gaske, don ita ba ta da laifi. A jirgin ƙasa kuwa Baffa bai yi barcin kirki ba, kowace tasha sai ya kwance huhu ya yayyafa ruwa ya sake ganye. Tun daga Gusau ya daina zolaya. Da muka hango garin sai ya ce ko mu sauka unguwar Gawon Nama wurin wani abokinsa ya huta tukuna. Na ce abokin ya rasu tun ina yaro. Ban san ko wa yake nufi ba, amma na san in ya sauka sai an sake wasu shekarun.

Muka iso da hantsi. Baba yana zaure a kan buzunsa, da 'yan tsofaffin unguwa da suka zo ɗaukar karatu. Na yi sallama na durƙusa. Baffa ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya shigo da huhu a ka, mutumin da 'yan dako ke rububin ɗaukar masa kaya a Ankara. Ya sauke, ya tsuguna nesa, bakin ƙofa.

Baba ya ce, "Wa ke nan tare da kai?"

Ban amsa ba, na riga na koyi darasina. Baba ya ce, "Matso." Baffa ya matso. "Ƙara." Ya ƙara, har gwiwarsa ta taɓa buzun. Baba ya kai fuskarsa dab da tasa, ya daɗe yana dubawa, ya kai hannu ya shafa kunnen.

Baba ya ce, "Kassuwa ta tashi?"

Baffa ya ce, "Ta tashi, Yaya."

"Mi kas sawo?"

Baffa ya kwance huhun ya tura gabansa. Baba ya laluba ya ɗauki ɗaya, ya murza, ya kai kusa da ido, ya ɓare, ya gutsura. Ya yi ta tauna, mu kuwa muna kallon bakinsa. Hawaye yana bin gemunsa, amma muryarsa ba ta canza ba, ya ce, "Ka iya."

Sannan ya juya wajen tsofaffin ya ce, "A raba ma jama'a. Yaro ya ci suna Haliru."

Aka raba goro. Tsofaffi suka ɗaga hannu suna dariya suna share ido, suna cewa Allah shi raya, Allah shi sa mahaddaci na. Ni kuwa ina durƙushe da gemuna da takardar shaidata a aljihu, ina kuka kamar ranar da aka haife ni, na ce amin.